Yadda Ake Ɗura Man Ɓawon Lemu a Cikin Yis Don Kashe Tsutsar Sauro

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai lemu yana kallon yadda yake fere ɓawo da wuƙarsa, yana zagaya lemun har ɓawon ya sauko kamar zare, ya san wannan ɗan feshin da ke tashi ya shiga ido ya sa ƙwalla. Wannan feshin mai ne. Yana zaune a cikin ƙananan jakunkuna a fatar lemun ta waje, kuma wajen kashi 90 cikin 100 nasa wani sinadari ne da ake kira limonin. An daɗe da sanin cewa yana kashe ƙwari. Matsalarsa ita ce ba shi da zama. Ka ɗiga shi a ruwa, sai ya hau sama ya yi shimfiɗa, rana ta buge shi, iska ta kwashe shi, kafin gobe ko ƙamshinsa babu. 

Dabarar da zan koyar a nan ita ce yadda ake kama wannan mai a kulle shi a cikin yis, wannan dai yis ɗin da ake zuba wa ƙullun fanke da masa da burodi. Dalilin zaɓen yis shi ne tsutsar sauro abincinta ne; masu kiwon sauro a ɗakunan bincike ma da shi suke ciyar da ita. To idan an cika cikin yis da mai, an wanke bayansa, tsutsa za ta haɗiye shi da kanta, sai ya narke a hanjinta man ya fito ya lalata bangon hanjin. Ka riƙe wannan tun yanzu: abin da za mu haɗa ba maganin feshi ba ne, abinci ne mai guba. Duk wani mataki da ke tafe, da duk inda maganin yake gazawa, daga nan ya samo asali.

Inda dabarar ta fito

Sanya abu mai maiƙo a cikin ƙwayar yis ba sabon abu ba ne. Masana'antun ɗanɗanon abinci sun shafe shekaru suna yin haka don kada ƙamshi ya gudu wajen toyawa. A Ingila akwai kamfanin Eden Research da ke ɗura sinadaran tsirrai, irin su wanda ke cikin kanumfari, a cikin ɓawon yis yana sayar wa masu gonakin inabi don maganin ruɓa. Waɗanda suka juya dabarar kan sauro su ne masu bincike na Jami'ar New Mexico da ke Albuquerque a Amurka, ciki har da Ivy Hurwitz da Ravi Durvasula, tare da abokan aikinsu na cibiyar Fiocruz da ke Rio de Janeiro a Brazil. A 2020 suka fitar da sakamakonsu a mujallar Parasites & Vectors. Sauron da suka gwada shi ne Aedes aegypti, baƙin nan mai zane fari a ƙafa, mai cizo da rana, mai yaɗa zazzaɓin dengi da shawara. Sun ga cewa mai da bai kai miligiram 100 ba a kowace lita ta ruwa, idan yana cikin yis, ya isa kashe tara cikin goma na tsutsotsin, kuma ƙananan tsutsotsi sun fi manya saurin mutuwa. Daga baya aka gwada shi a kan sauron Brazil da ya riga ya bijire wa magungunan da aka saba, ya kuma yi aiki.

Mu ma abin ya shafe mu. A ƙarshen 2023 hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa a Najeriya ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato. A 2020 kuma an gano sauron Anopheles stephensi a jihar Gwambe, wanda ya bambanta da sauron maleriyar da muka sani domin shi a tankuna da durom na cikin gari yake hayayyafa. Gida nawa ne a garuruwanmu da ba a ajiye ruwa?

Yadda mai yake shiga ba tare da an huda komai ba

Ƙwayar yis halitta ce mai rai, ƙanƙanuwa ƙwarai: ka jera guda 150 ko 200 kafin su cika milimita ɗaya. Tana da bango mai kauri a waje, mai ƙofofi kamar rariya, sai wata fata siririya a ciki wadda ita kanta da maiƙo aka yi ta. Idan aka kaɗa mai da yis a cikin ruwa, ɗan kaɗan daga man yana narkewa a ruwan, ya ratsa ƙofofin bango, ya tarar da fatar nan mai maiƙo, jini ya haɗu, ya shige ciki ya taru ɗigo-ɗigo. Babu ruwan yis da wannan aiki; ko yana raye ko ya mutu, man zai shiga, kuma a ƙarshe man ne ma ke kashe shi. Saboda haka abin da za ka zuba a ruwa ba zai tsiro ko ya yi kumfa ba.

Abu uku ke sa shigar ta yiwu. Ruwa, domin busasshen bango a tsuke yake, sai ya jiƙa yake buɗewa. Ɗumi, domin fatar ciki tana saki a wajen digiri 40 na ma'aunin Celsius, kamar yadda man shanu ke laushi. Sai kaɗawa, don man ya fashe ya zama ƙananan ɗigo ya sadu da yis. Idan an gama aka busar, bangon ya sake tsukewa ya riƙe abin da ke ciki. Riƙon nan ba na wasa ba ne. Masu binciken ɗanɗano sun ga busasshen yis yana riƙe limonin har a zafin da ya haura digiri 200. Ruwa ne makullinsa, ba wuta ba.

Wannan ne kuma ya sa ba kowane mai ke shiga ba. Man ɓawon lemu, man kanumfari, man na'a-na'a da makamantansu, masu ƙamshi masu tashi a iska, ƙwayoyinsu ƙanana ne. Man darbejiya kuwa, duk da sunan da ya yi wajen korar ƙwari, dangin man gyaɗa ne, ƙwayoyinsa manya ne masu nauyi. Kada ka ɓata shi a wannan hanya, shi da tasa hanyar daban.

Kayan aiki

Ma'aunin da masu binciken suka yi amfani da shi shi ne kashi 1 na mai, kashi 5 na ɗanyen yis, kashi 16 na ruwa, duka bisa nauyi. Ɗanyen yis shi ne mai kama da cuku, wanda kusan kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne. Mu a kasuwanninmu busasshe ne a leda. Idan aka cire lissafin ruwan, sai ma'aunin ya koma haka:

- man ɓawon lemu giram 10, wato kimanin mililita 12, domin ya fi ruwa rashin nauyi
- busasshen yis giram 15
- ruwa mai tsabta mililita 200

Sai kwalbar gilashi mai cin rabin lita da murfin ƙarfe, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya ko na kicin mai nuna giram, sirinji ba allura, ma'aunin zafi, kula irin ta abinci, fulas na ruwan zafi, sabulun ruwa na wanke-wanke, faranti na tangaran ko gilashi, da safar hannu.

Na ce gilashi, kuma da gangan na faɗa. Ranar da na fara gwadawa, na auna man a cikin farin kofin soso irin na shan shayi a taro, na juya ɗauko yis. Ina dawowa na tarar gindin kofin ya lotsa ya yi danƙo, man yana bin tebur. Limonin yana cin irin wannan soso, yana kuma kumbura roba mai laushi. Ko sirinjin ma, ka ja ka zuba ka wanke, kada ka bar man ya kwana a ciki.

Maganar samun man ita ce ta fi ɓata wa mutane aiki. Yawancin ƙananan kwalaben da ke shagunan kayan kwalliya turare ne na haɗi, ko kuma an tsinka su da wani mai mai nauyi. Na taɓa sayen irinsa a wani shago, mai shagon yana rantsuwa cewa zalla ne. Gwajin mai sauƙi ne: ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda ka ajiye ta yini guda. Na gaske zai tashi, ya bar ɗan ruwan ɗorawa kaɗan ko ma babu komai. Wanda aka haɗa zai bar tabon maiƙo mai sheƙi irin wanda ƙosai ke bari a jarida. Idan ka ga tabon nan, ka ba uwargida ta sa a man shafawa, ba na aikinmu ba ne.

Mai son ya fitar da nasa man, ɓawon da masu lemu ke zubarwa shi ne daidai, domin fatar waje kaɗai suke ferewa, inda jakunkunan man suke. Ana zuba ɓawon a tukunya da ruwa, a girka kwano a tsakiya bisa wani abu da zai ɗaga shi, a kife murfi a juye, a ɗora ƙanƙara a kansa. Tururi ya tashi da man, ya taɓa murfi mai sanyi, ya ɗiga cikin kwano, sai a tsotse man da ya taso sama da sirinji. Amma ka shirya ranka: ɓawo kilo guda da ƙyar ya ba ka cokali ɗaya.

Mataki na farko: jiƙa yis

Zuba ruwa mililita 200 mai ɗumi a kwalbar, ɗumin da za ka iya wanka da shi. Barbaɗa yis ɗin a hankali kana juyawa, ka bar shi minti 20 har ya narke ya zama kamar koko mai ruwa-ruwa, babu gudaji. Kada ka sa sukari. Hannun mai yin fanke zai so ya sa, amma sukari zai tayar da yis ya cika kwalba da iska, ba abin da muke nema ba ke nan.

Mataki na biyu: zuba mai, riƙe ɗumi, yi ta girgizawa

Nan ne aikin yake. Zuba man, rufe kwalbar, girgiza da ƙarfi na minti biyu har ka daina ganin man a sama. Zuba ruwa a kula, ka daidaita shi da ruwan fulas har ma'auni ya nuna 40, ka tsayar da kwalbar a ciki ka rufe.

A ɗakin bincike, na'ura ce ke girgiza kwalbar ba tsayawa har awa 24 a digiri 40. Kai da ba ka da na'ura, hannunka ne. A awa biyar ko shida na farko, waɗanda su ne mafi muhimmanci, ka ciro kwalbar kowane kwata na awa ka girgiza rabin minti ka mayar. Duk lokacin da ka ciro, sassauta murfin iska ta fita sannan ka ɗaure, musamman a awa biyu na farko kafin yis ya mutu. Ka duba ma'aunin. Idan ya sauka ƙasa da 37 ka ɗebe ruwan kular kaɗan ka ƙara na fulas. Bayan awa shida sai ka sassauta, kowace awa sau ɗaya, da dare kuma ka girgiza kafin ka kwanta da lokacin da ka tashi asuba. Ranar da babu fita ake wannan aiki.

Kada zafin ya wuce 45. Mutum yakan ce bari in ƙara wuta abin ya yi sauri, sai man ya gudu cikin iskar kwalba, kuma limonin yana iya kama wuta daga wajen digiri 50. Don haka ba a ɗora kwalbar a kan risho ko gas, ba a kuma yin aikin kusa da murhu.

Akwai hanyoyin rage wahala. Mai injin ƙyanƙyasar ƙwai yana da ɗumi tsayayye na wajen digiri 38, wanda ya kusa isa, sai dai ba tare da ƙwai a ciki ba. A watan Afrilu kuwa, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, ɗakin kwano da rana shi kansa kula ne. Malamin kimiyya da ke da na'urar juya ruwa mai maganaɗisu a makarantarsa ya fi kowa sa'a, domin juyawa ba tsayawa ita ce ke kai man ciki sosai. A ɗakin bincike, mai yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin garin da aka samu. Na hannu ba zai kai haka ba, shi ya sa gwajin kofi da ke tafe ya zama dole.

Alamar cewa aiki yana tafiya ita ce wannan: da farko idan ka ajiye kwalbar minti biyar, man zai taso ya yi zobe mai kauri a wuyanta. Da tafiya ta yi tafiya, zoben zai riƙa sirancewa. Man da ya ɓace daga sama ya shiga ciki.

Mataki na uku: wanke bayan yis

Wannan matakin ne ake raina wa, alhali shi ke raba magani da shirme. Man da ya manne a bayan yis bai da kariya, zai tashi a banza, kuma idan ya yi yawa ya mayar da abincin abin gudu ga tsutsar da ake so ta ci. Kana so ta ga yis kawai.

Masu bincike suna da na'urar da ke juya ruwa da gudu ta tara yis a ƙasa cikin mintuna, kuma suna wankewa da wani sabulu mara ƙarfi na ɗakin gwaji. Kai haƙuri ne na'urarka. Juye haɗin a doguwar kwalba siririya, ka sa a firji ko cikin randa mai sanyi ya kwana. Da safe za ka ga hawa uku: mai a sama, ruwa mai duhu a tsakiya, yis ya kwanta a ƙasa kamar laka. Tsotse man da sirinji ka adana, zai yi amfani a zagaye na gaba. Ragowar sheƙin da ke saman ka ɗauke shi da gefen tishu. Sai ka tsiyaye ruwan a hankali kada lakar ta motsa.

Zuba sabon ruwa mai sanyi mililita 200 da ɗigo biyu na sabulun ruwa, ɗigo biyu kawai, ka juya a hankali ba girgiza ba, ka bar shi ya sake kwanciya. Tsiyaye. Sai ka maimaita da ruwa zalla sau biyu ko uku har kumfa da sheƙi su ɗauke. Ruwan sanyi nake ta nanatawa domin ɗumi shi ya buɗe ƙofar da man ya shiga, kuma ta nan zai iya fita. Yis da ya ƙoshi da mai ya fi na banza jinkirin kwanciya, don haka idan ruwan tsakiya yana nan da duhu, ƙara masa lokaci, kada ka zubar da rabin wahalarka a kwata. Ruwan wankin ma a ƙasa busasshiya ake zubar da shi, ba a magudanar da ke gangarawa rafi ba.

Mataki na huɗu: busarwa da ajiya

Lakar da ta rage za ka iya amfani da ita haka nan, ka ajiye a firji ka ƙarar cikin kwana biyu ko uku. Amma gari ya fi aunuwa ya fi daɗewa. A ɗakin bincike daskarar da ita ake yi a tsotse ruwan da na'ura. A gida, shafa ta a faranti siriri kamar ana shafa man shanu a burodi, ka ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, ko gaban fanka, ka rufa da tsumman gidan sauro saboda ƙuda. Ba a rana ba. Da hunturu kafin yamma ta bushe. Da damina sai ka yi da gaske, idan ta kwana biyu da laima za ta yi tsami ta yi hunhuna, a nan sai zubarwa. Shi ya sa na fi son a haɗa da rani a ajiye wa damina.

Idan ta bushe ƙayau, kankare ta da cokali, ka murƙushe da bayan cokalin a hankali. Ba a kai ta injin niƙa. Zuba garin a kwalba mai duhu mai murfi gam, ka rubuta abin da ke ciki da ranar haɗawa, ka ajiye nesa da yara da kayan miya, domin kamarsa ɗaya da garin yaji mara ja.

Ga gwaji na hanci: garin da ya yi kyau, ƙamshinsa a bushe kaɗan ne. Ɗiba ɗan kaɗan a bayan cokali, ɗiga ruwa, murza. Idan ƙamshin lemu ya buge ka, man yana ciki. Idan tun a bushe yana tashi da ƙarfi yana kuma damƙewa a yatsa, wanki bai yi ba. Wanda ya samu madubin ƙara girma na ɗakin gwaji zai ga ɗigon man yana ƙyalli a cikin ƙwayoyin.

Mataki na biyar: gwajin kofi

Kada ka zuba ko'ina kafin ka yi wannan. Tsari ne da ya yi kama da wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa don gwada magungunan tsutsa, an dai rage masa tsawo.

Nemo tsutsa a tsohuwar taya ko gwangwani ko kaskon kaji, ka kwaso da ludayi. Ka lura da zamansu. Wadda ta rataye kai ƙasa, wutsiya a saman ruwa, ta Aedes ce ko ta Culex, sauron kwata mai kukan dare. Wadda ta kwanta a miƙe a saman ruwa kamar tsinke, ta Anopheles ce mai maleriya. Waɗanda suka dunƙule kamar waƙafi suna tsalle-tsalle kuwa sun wuce matakin tsutsa, sun kusa fashewa su tashi, kuma a wannan matakin ba sa cin komai. Tsame su ka zubar a ƙasa, maganinmu ba ya taɓa su.

Jera kofunan gilashi shida, kowanne da ruwa mililita 200 da tsutsa 25 masu girma ɗaya. Dama giram 2 na garinka a ruwa mililita 100. Girgiza kafin kowane ja, sannan ka sa mililita 1 a kofi na farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, 8 a na huɗu. Wannan ya ba ka kimanin miligiram 100, 200, 400 da 800 na gari a kowace lita. Kofi na biyar kada ka sa masa komai. Na shida ka sa masa yis zalla wanda bai ga mai ba. Waɗannan biyun su ne shaidunka. Rufe duka da tsumman gidan sauro ka ɗaure da roba, don kada ka yi kiwon sauro a ɗakinka.

Bayan awa 24 ka ƙirga. Tsutsar da ka taɓa da tsinke ba ta motsa ba, ko ta kasa tasowa sama, ta mutu. Fara da shaidu: idan fiye da biyar sun mutu a kofin da babu magani, gwajin ya ɓaci, ruwan ne ko kofin ko kamun da ka yi musu, sai a sake. Idan shaidu suna raye, nemi kofi mafi ƙarancin magani da ya kashe 23 ko fiye. Wannan shi ne ma'aunin garinka. Sabon haɗi kuma sabon gwaji, domin girgizar jiya ba ita ce ta yau ba. Idan ko kofi na huɗu bai yi kisa ba, ka koma ka binciki man da ka saya tukuna, sannan ɗumin kula.

Inda ake zubawa, da inda ba a zubawa

A ce kofi na uku ne ya yi, wato miligiram 400 a lita. Tayar da ke riƙe da lita biyu tana buƙatar kusan giram ɗaya. Ruwa lita 20 yana buƙatar giram 8. Durom mai lita 200 kuwa giram 80, wato ninki huɗu ko fiye na duk abin da ka sha wahalar haɗawa. Lissafin da kansa ya faɗa maka gaskiya: durom murfi yake so, ba magani ba. Abin da za a iya kifewa a kife shi, abin da za a iya rufewa a rufe. Randa da bokiti a riƙa goge cikinsu da soso duk mako, domin ƙwan Aedes yana mannewa a jikin mazubi sama da ruwa, yana kuma iya yin watanni a bushe yana jiran a sake cikawa.

Maganin na ƙananan ruwan da ba sa kifuwa ne: tarin tayoyi a wurin masu faci, ramin da magina suka tara ruwa a kango, kogon bishiya, gindin tukunyar fulawa, bulo da ruwan sama ya zauna a cikinsa. A dama garin a ɗan ruwa tukuna sannan a yayyafa ko'ina, kada a zuba shi a dunƙule a gefe guda. Da yamma ya fi. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi, a lokacin zafi, mako guda ne zuwa kwana goma, don haka a leƙa duk mako, a sake zubawa idan an ga sabbin tsutsotsi ko bayan ruwan sama mai ƙarfi.

Tunda abinci ne, ka tuna cewa mai ƙoshi ba ya rububi. A ruwan kwata mai datti, tsutsa tana da abinci ko'ina, yis ɗinka ɗaya ne cikin dubu, ga ƙwayoyin cuta da za su cinye shi kafin ita. Haka nan yis nutsewa yake yi. Tsutsar Aedes mai kiwo a ƙasa da jikin mazubi za ta same shi, ta Anopheles mai cin abin da ke saman ruwa ba lallai ba. Saboda haka wanda ya ce maka wannan ya maye gurbin gidan sauro a yaƙi da maleriya, bai yi maka adalci ba. Kwana cikin gidan sauro yana nan daram.

Ba a sa shi a ruwan sha, na mutum ko na dabba, ko da kuwa lemu da yis duka abin ci ne. Haɗin gida ba a auna tsabtarsa ba, kuma mataccen yis ruɓewa yake yi a ruwa. Ba a sa shi a tafkin kifi ko kududdufi ko rafi, domin limonin guba ne ga kifi da ƙananan halittun ruwa, cikinsu har da masu cin tsutsar sauro. Man zalla yana iya sa ƙaiƙayi a fata, idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Masu kyanwa a gida su kiyaye, kyanwa ba ta jure irin waɗannan mai. Wanda kuma ya ga haɗinsa ya yi kyau har ya fara tunanin ɗurawa a leda ya kai kasuwa, a Najeriya sayar da maganin ƙwari sai da rajistar hukumar NAFDAC.

Idan ka samu man kanumfari ko na na'a-na'a na gaske kana son gwadawa, ma'aunin da matakan duka ɗaya ne, sai abu guda: man kanumfari ya fi ruwa nauyi, ba ya tasowa. A kwalbar wanki kada ka neme shi a sama, a can ƙasa zai taru tare da yis, don haka sai ka ƙara wanki ɗaya na sabulu kafin ka koma ruwa zalla.